Cigiyar Fulofi: Daga Titin Ahmadu Bello Zuwa Panteka

Lokacin da muka zo kwashe kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, a gidansa na Unguwar Sarki a Kaduna, takardu ne suka fi yawa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ko rasidin kuɗin wuta ba sa yarwa. A can ƙasan wani akwatin ƙarfe muka ci karo da kwalin takalmi cike da disket, an ɗaure su goma-goma da roba, robar ta narke ta manne a jikinsu. Kowanne da rubutun biro a goshinsa: wannan wasiƙu, wancan lissafin gona, wani kuma shekara kawai aka sa masa, 1997. Takardun da ke saman kwalin, har da waɗanda aka buga da tafireta tun zamanin Jihar Arewa, nan take muka zauna muka karanta su. Disket ɗin kuwa, da takardun suka girme su da shekara talatin, duk gidan babu wanda ya iya faɗin abin da ke cikinsu. Ga kwamfutocin tafi-da-gidanka har uku a falo, ga waya a kowane hannu, amma babu ko ɗaya mai bakin da za a zura disket.

Da haka na shiga cigiyar na'urar da ke karanta shi, wadda masu gyara ke kira fulofi diraib, wasu ma su ce fulofi kawai.

Na fara da inda kowa zai fara, wato shagunan kayan kwamfuta na Titin Ahmadu Bello da layukan da suka ɓalle daga jikinsa, su Kano Road da Lagos Street. Yaran shago, waɗanda yawancinsu bayan zuwan wayar salula a 2001 aka haife su, sai su karɓi disket ɗin su jujjuya, su ja murfin ƙarfen su sake shi ya koma da kansa, su miƙo maka suna murmushi. Iyayen gidansu, in sun ɗan manyanta, amsa biyu gare su. Ko dai ka ajiye kuɗi a yi maka oda daga Computer Village ta Ikeja, ko kuma, Alhaji, ka leƙa Panteka.

Abin nan da ya zama abin kallo a hannun yara, shi ya ɗauki aikin ofis na duniya a kansa wajen shekara talatin. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1971, faɗinsa inci 8, yana ɗaukar kilobayit 80 kacal. Falle ne na roba mai laushi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu irin na zaren kaset, an sa shi cikin ambulan. Laushin nan ne ya jawo masa suna, don fulofi a bakin Bature abu ne mai lanƙwasuwa. A 1976 kamfanin Shugart Associates ya rage shi zuwa inci 5¼. Sai Sony na Japan, a farkon shekarun 1980, ya zo da mai inci 3½ a cikin ƙoƙo mai tauri da murfin ƙarfe, kuma tun da IBM ya sa mai ɗaukar megabayit 1.44 a kwamfutocinsa na PS/2 a 1987, shi ya zama disket ɗin da kowa ya sani. Fuska biyu gare shi, kowace fuska da da'ira 80, kowace da'ira an yanka ta gida 18, kowane gida yana cin bayit 512. In ka haɗa, bayit 1,474,560 ke nan. Hoto guda da za ka ɗauka da wayarka yau ba zai shiga ba. Amma rubutu zalla ba ya cin wuri, kundin digiri sukutum sai ya shige har da saura. Wanda ya taɓa mamakin abin da ya sa ma'ajiyar cikin kwamfuta ta fara daga harafin C, to A da B na fulofi ne. Masu ɗakin sun tashi, an bar musu ɗakunansu a kulle.

A Kaduna, zamanin disket shi ne zamanin bizines senta. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, kaɗan ne ke da kwamfuta a gida. Ɗalibin Kaduna Poly mai rubuta kundin kammala karatu, da lauya mai shirya takardar ƙara, da sakataren ƙungiyar unguwa, duk shagon buga takardu suke zuwa. Ka kai rubutun hannu, mai bugawa ta buga, a ɗab'a maka, sannan a zuba maka aikinka a disket ka sa a aljihun gaba. Mai wayo biyu yake saye, don disket ba shi da alƙawari. Zufa tana cinsa, zafin mota yana lanƙwasa shi, a ajiye shi kan lasifikar rediyo maganaɗisun ciki ya dagula rubutun. Ga kuma bairas, wanda kafin intanet ta yaɗu ba shi da abin hawa sai disket, daga wannan shago zuwa wancan. Bairas na farko da ya yi suna a irin waɗannan kwamfutoci, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, kuma a jikin disket ya zaga duniya. Duk wanda ya yi karatu a lokacin ya san faɗuwar gaban da ke zuwa idan na'ura ta yi ta gurnani, sannan allo ya ce ba a iya karanta abin da ke ciki ba, alhali gobe ne ranar miƙa aiki.

Mutuwar disket ba ta zo farat ɗaya ba. Apple ya fito da iMac a 1998 babu fulofi a jikinta, mutane suka ce ganganci ne. A 2000 filashi ya shigo kasuwa, na farko-farkon suna ɗaukar megabayit 8, kafin a ankara ya yi araha ya cika aljihu. Sony, wanda shi ne babban maƙerin da ya rage, ya rufe aikin disket a watan Maris na 2011. Saboda haka duk disket ɗin da aka ce maka sabo ne, ko da a cikin ledarsa yake, tsohon ajiya ne.

Tsohuwar Panteka, daura da Kaduna Poly a Tudun Wada, wuri ne da ƙarfe ba ya mutuwa. Abin da gari ya zubar, nan ake kawo shi a sake masa kama: ganga ta zama akwati, gwangwani ya zama murhu, tsohon alminiyo a narka shi a zuba tukunya. Tsofaffin kwamfutoci ma hanyar da suke bi ke nan, daga sitocin ofisoshi da makarantu zuwa kurar 'yan gwangwan, daga nan zuwa sikeli. Kuma ba kaɗan suka shigo ƙasar nan ba. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a Legas kowane wata, kuma a ƙiyasin da ta kawo, abin da bai da amfani a ciki kan kai kashi 75 cikin 100. Kusan kowace kwamfutar tebur ta wancan zamani da fulofinta ta zo. Ashe ba ƙarancinsa ne ya sa ake wahalar samunsa ba. Matsalar ita ce a idon ɗan gwangwan, fulofi ba na'ura ba ce, ƙarfe ne da ɗan jan waya a cikin motar da ke juya disket da ɗan allon lantarki, kowanne da kuɗinsa a kilo. Guduma ɗaya ake sauke masa a raba su. Mai nema tsere yake yi da gudumar nan, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Akwai kuma ladabin ciniki. Muddin mai kaya ya ga ka tsallake tarin ƙarfe ka nufi abu guda kana hura masa ƙura, to ya tashi daga kayan kilo ya koma kayan marmari. Gara ka sayi akwatin kwamfutar gaba ɗaya, musamman ta zamanin Pentium 3 ko 4. Ba don araha kaɗai ba, za ka bukace ta.

Dalili kuwa, fulofin cikin kwamfuta ba ya aiki shi kaɗai. Da wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 34, yake magana da uwar allon kwamfutar, kuma allunan da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau galibi ba su da wurin soka ta. Gefe ɗaya na wayar da jan layi, shi ke nuna inda fil na farko yake. In aka juya ta, fitilar gaban fulofin sai ta kama ta ƙi mutuwa, kuma duk disket ɗin da aka zura a wannan hali yana iya lalacewa. Kusa da ƙarshen wayar za ka ga an tsaga wani sashe an murɗe shi. Ba lahani ba ne, murɗin nan ne ke gaya wa kwamfuta cewa wanda ke bayansa shi ne A. Kafin ma a kai nan, a duba bayan akwatin. Kwamfutocin da suka fito daga Amurka da yawa suna da ɗan jan makunni na zaɓar ƙarfin wuta, 115 ko 230. Wanda ya jona ta a kan 115 da wutarmu, ƙara ɗaya zai ji da ƙaurin hayaƙi. Sai ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allo, wanda tabbas ya mutu tuntuni. In ba a canja shi ba, kullum aka kunna kwamfutar sai ta manta kwanan wata, ta manta ma tana da fulofi.

Shi kansa fulofin, sunayen da masu gyara suka fi yarda da su su ne Teac da Sony da Panasonic da Mitsumi. Yawancin na kwamfutar tebur motarsu kai tsaye take juya disket, zagaye 300 a minti. Siraran da ke cikin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da wasu na'urori kuwa, wasunsu da bel suke aiki, kuma bel ɗin roba in ya shekara ashirin a zafin Kaduna narkewa yake ya zama kamar kwalta. Ciwon da ya fi kama su duka shi ne ƙura. Hazon hunturu yana shiga ta bakin, ya haɗu da man da ke jikin sandar da ke tura kan karatu gaba da baya, ya daskare. Magani shi ne a buɗe murfin, a goge tsohon man a sa sabo ɗan kaɗan, a tsoma auduga a sifirit a shafa kawunan biyu, na sama da na ƙasa, a hankali. Kada a ɗaga na saman da ƙarfi. In ya goce daga saitinsa ko da kaurin gashi ne, zai riƙa karanta abin da shi ya rubuta, ya kasa karanta na kowa.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala tunda akwai fulofi na waje mai jonuwa ta ramin filashi? Akwai, kuma Windows na yanzu yana gane shi. Ga wanda disket ɗinsa na yau da kullum ne kuma lafiyayye, ya wadatar. Sai dai ba shi da haƙuri da disket mai rauni, ba ya karanta tsofaffin disket na Macintosh masu kilobayit 400 da 800, kuma babu irinsa ga mai inci 5¼. Masu adana kayan tarihi a waje yanzu wani ɗan allo suke amfani da shi, irin su Greaseweazle da KryoFlux, wanda ake jona wa tsohon fulofi ya kwafo zanen maganaɗisun yadda yake, daga baya a zauna a warware shi.

A Turai da Amurka, masu neman tsohon fulofi yawanci 'yan sha'awa ne, masu tara kwamfutocin ƙuruciyarsu don su buga wasannin da. A nan kuwa, in ka ga mutum yana cigiyar fulofi ido rufe, to abincinsa ne ya tsaya. Na farko su ne masu ɗinkin kwamfuta, wato aikin zare da inji ke yi a wuyan kaftani da gaban babbar riga. Sababbin injunan China da filashi suke karɓar zane. Amma tsofaffin Tajima da Barudan na shekarun 1990, waɗanda ake shigowa da su na hannu, ta disket suke ci, kuma injuna ne masu ƙarko da maigida ba zai yar ba don kawai bakinsu ya tsufa. Wasunsu ma ba sa karɓar mai megabayit 1.44, sai tsohon mai kilobayit 720, wanda ya fi wuyar samu. Dabarar da aka sani ita ce a liƙe ramin da ke kusurwar disket, wanda ba shi da ɗan makulli, da salatif, sai injin ya ɗauka ƙaramin ne. Tana yi, amma ba a dogara da ita. Ka ƙaddara fulofin irin wannan inji ya mutu a goman ƙarshe na azumi, shaddodin mutane jibge a kan tebur, kowa yana jiran kayan Sallarsa.

Kuma ba kowane fulofi za a ciro daga kwamfuta a ɗaura wa injin ba, ko da ramukan sun yi daidai. Na kwamfuta an saita shi ya amsa kira a matsayin na biyu, injuna da yawa kuwa na farko suke kira, kuma saƙon da suke jira a fil na 34 ya bambanta. Tsofaffin fulofi suna da 'yan ƙananan makullai a bayansu da ake matsarwa a daidaita wannan; na baya-bayan nan sai an kai ga dalma. Shi ya sa da yawa suka koma ga wata na'ura mai suna Gotek. Girmanta ɗaya da fulofi, a gurbinsa ake ɗaura ta, sai dai a gabanta ramin filashi ne da ɗan allon lamba da maɓallai biyu. Tana yanka filashi gida-gida, kowane gida ta nuna wa inji shi a matsayin disket guda. Injin bai san an yi ba, yana nan a 1995 abinsa.

Na biyu su ne makaɗan fiyano. Kiɗan fina-finan Hausa na ƙarshen shekarun 1990, zamanin fim ɗin Sangaya, a kan fiyanon Yamaha aka gina shi, kuma samfura irin su PSR-730 da PSR-2000 da fulofi a jikinsu, a nan makaɗi ke adana salon kiɗa da waƙoƙin da ya haɗa. Har yanzu akan ci karo da su a ƙananan situdiyo da coci-coci.

Kada wani ya ce ci-bayanmu ne. Sai a 2019 rundunar sojin saman Amurka ta daina amfani da disket mai inci 8 a tsarin isar da umarnin makamanta na nukiliya. Jiragen Boeing 747-400 da dama ta disket ake sabunta musu bayanan hanya duk kwana 28. Japan, ƙasar Sony, sai a tsakiyar 2024 ministanta Taro Kono ya sanar da cewa an soke dokoki 1,034 da ke tilasta miƙa wa hukuma bayanai a disket. A shekarar ce kuma hukumar jiragen ƙasa na cikin birnin San Francisco ta amince da kwangilar dala miliyan 212 don sauya tsarin da kowace safiya sai an loda masa disket mai inci 5¼.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba inji ba ne, rubutun ne. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon, mai bincike zai nemi fayil ɗin da wani Razdan ya rubuta shekara ɗari da suka wuce, a ɗauko masa ya karanta da idonsa. A Gidan Arewa da ke Rabah Road, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar tarihi a 1970, akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci da suka girmi garin Kaduna kansa. Takarda ba ta bukatar komai sai ido da haske. Amma abin da aka rubuta a garin nan tsakanin 1990 da 2005, shekarun da suka ga rikicin Zangon Kataf da komawa mulkin farar hula a 1999 da tarzomar 2000, wani kaso nasa a disket ya kwana: bayanan tarukan ƙungiyoyi, takardun koke, daftarin littattafan da ba a kai ga bugawa ba, tarihin zuri'a da wani dattijo ya sa aka buga masa. Abin da aka ɗab'a ya tsira. Wanda ba a ɗab'a ba yana cikin kwalaye irin na kawuna, damina tana sa masa hunhuna, maganaɗisunsa yana sanyi shekara bayan shekara.

Wanda ya samu irin wannan kwali, kafin ya zura komai ya ja murfin ƙarfen ya duba fallen a haske, yana juya cibiyar da yatsa. In ya ga fari-fari kamar gari, hunhuna ce, kuma za ta dame kan fulofin ta shafa wa duk disket ɗin da ya biyo baya. Sannan ya tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, don kada kwamfuta ta rubuta komai a kai. In allo ya tambaya ko a yi wa disket ɗin fomat, amsa a'a ce, ko sau nawa ya tambaya. Abin da ya buɗu a kwafe shi nan take, don wani disket sau ɗaya yake yarda.

Ko an kwafo, da sauran rina a kaba. Fayil ɗin na iya zama na WordPerfect ko WordStar ko PageMaker, waɗanda kwamfutar yau ba lalle ta san su ba, ko da yake manhajar LibreOffice ta kyauta tana buɗe na WordPerfect. Ga mai rubutun Hausa kuma akwai wani tarkon na daban. A wancan lokaci kwamfuta ba ta zo da ƙ da ɗ da ɓ ba. Masana suka ƙera samfuran haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi a shekarun 1990, inda ake zana harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alamar da Hausa ba ta bukata. Muddin samfurin yana cikin kwamfuta, rubutu zai fito daidai. In babu shi, alamar asali ce za ta dawo gurbinta, sai ka ga kalma da baka ko wata ƙugiya a tsakiyarta. Gyaran ba wuya, a gano wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi a musanya su gaba ɗaya. Amma wanda bai san labarin ba zai ɗauka fayil ɗin ya lalace ya goge shi.

Daga Panteka na dawo da akwatin Pentium 4 guda da fulofi biyu na ƙari, ɗaya daga cikinsu ko motsi bai yi ba. Mun kwana uku muna bin kwalin ɗaya bayan ɗaya, muna jiran wuta, muna goge kai da sifirit bayan kowane disket biyar. Fiye da rabi sun buɗu. Wasiƙun suna nan, har da wadda kawu ya rubuta wa mahaifiyata bai aika ba, kowace ƙ a cikinta ta koma baka. Mai lakabin 1997 babu komai a cikinsa sai wasan karta. Na lissafin gona, wanda saboda shi 'yan'uwa suka matsa a yi aikin tun farko, da muka zura shi sai fulofin ya yi ƙara sau uku ya yi shiru. Da na ja murfin na duba, wani siririn zobe ya fito a jikin fallen, fes, ana hango hasken taga ta cikinsa.